Gilashin da Aka Wanke

Dimyat, Jimada Sani, 1300

Zuwa ga ɗan kawuna Mitwalli, a shagon mai hoto, Bur Sa'id.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. 'Yata Bahiyya ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, tana gaishe ka, ko da yake ba ta san ka ba sai a baki. Shehu Hifni ne yake rubuta mini wannan a ƙofar kotu, na kuma gargaɗe shi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya cusa mini kalmominsa masu rawani. In ka ci karo da wata magana mai daɗi a ciki, tasa ce.

Idona na hagu ka san ya daɗe da tafiya. To na dama ma ya fara haɗa kayansa. Da safe sai an jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya buɗe, in ya buɗe kuma akwai wani farin yana a gefe da ke matsowa a hankali. Wanzami ya sa mini tozali, ya sa ruwan albasa, ya tsaga mini gefen kai, ƙarshe ya ce in yi haƙuri. Haƙurin ne kaɗai bai karɓi ladansa ba. Har yanzu dai ina ɗinke wa masunta koma, da hannu nake lalube.

Ga abin da ya sa na zauna gaban wannan tsoho. Ka tuna Bayyumi, wanda suka yi aiki tare da mijina Shahata a kan karraka, injin nan mai sarƙar bokitai da ke yashe laka daga ƙasan mashigin ruwan da aka haƙa wa jiragen teku? Ya dawo gida, tsufa ya kama shi. Ya kawo mini koma, muna cikin hira sai ya ce, "Ummu Bahiyya, ai mijinki yana cikin hoto."

Na ce, "Wane irin hoto? Mutumin da ko kabari bai samu ba?"

Ya ce wallahi yana ciki. Wai shekarar da ta gabaci rasuwarsa wani Bagirike ya zo musu da akwati mai ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin mayafi, ya jera su gaban karraka, ya yi ta daka musu tsawa kada wanda ya motsa. Shahata ne a ƙarshen layi, kusa da babbar ƙafar injin, riƙe da butar mai. Na ce ya sunan Bagiriken? Ya ce Manoli. Na ce ai ubangidan Mitwalli ke nan, abin nema ya samu.

Ka san yadda abin ya faru. Sarƙa ta kama rigarsa ta ja shi ƙasan ruwa, ina da cikin Bahiyya, abin da aka kawo mini kawai takalmansa da bargonsa. Ban taɓa roƙon ka komai ba tun da ka bar garin nan. Yau ina roƙo. Ka nemo mini hoton nan in ga fuskarsa sau ɗaya kafin idon nan ya rufe, yarinyar nan ma ta ga wanda ya haife ta.

Kuma don Allah kada ka yi mini irin halinka. Tun muna yara in an aike ka sayen wake sai ka tsaya kallon kwale-kwale har rana ta faɗi, a kwana da yunwa. Idona ba zai jira ka gama kallo ba.

Na ba mai jirgin tafki kifin gishiri ya kai maka, ka duba kada ya ce ɓera ya ci.

'Yar gwaggonka, Zannuba

*

Bur Sa'id, farkon Rajab

Zuwa ga 'yar gwaggona Ummu Bahiyya, Allah ya ƙara mata lafiya.

Takardarki ta iso, kifi ma ya iso, ɓera bai ci ba sai wutsiya biyu. Muna lafiya. Tari ne ke ɗan damuna saboda warin magungunan da muke aiki da su, yatsuna kuma sun yi baƙi ƙirin, har limaminmu ya ja ni gefe ya tambaye ni ko lalle nake ƙunsawa. Labarin idonki ya hana ni cin abinci ranar da na karanta. Allah ya kawo sauƙi.

Zan nema, wannan alkawari ne. Amma bari in gaya miki yadda abin yake, don kada ki zaci shiga ɗaki kawai zan yi in ɗauko. Kowane hoto a kan gilashi yake fara zama, fari a wurin baƙi, baƙi a wurin fari. Aikina shi ne in wanke shi, wato in fito da shi a kan takarda yadda ido zai gane. Gilasan nan suna jibge a ɗakin baya tun daga ƙasa har rufi, na shekara da shekaru: jiragen ruwa, hasumiyar bakin teku, masu dakon gawayi, masu sayar da ruwa, karraka iri-iri. Fasinjojin da ke wucewa su ne masu saye, kuma sun fi son na injuna. A bayan kowanne ubangidana Manoli, wanda muke kira Hawaja, yakan rubuta sunan inji da garin da aka ƙera shi. Ban taɓa ganin ya rubuta sunan mutum ba.

Na tare shi yana shan gahawa, na ce, "Hawaja, kana tuna wata karraka da ka ɗauka da mutane jere a gabanta, ɗaya riƙe da butar mai?"

Ya ce, "Karraka ina tunawa, duk na san su kamar 'ya'yana. Mutane kuwa, Mitwalli, ai don a ga girman inji nake jera su. Wa zai tuna da su?"

Na ce, "Matar ɗayansu tana tunawa."

Ya kurɓi gahawa, ya ce in na gama aikin yini in shiga in duba, amma in na fasa masa ko ɗaya zai fasa mini kai. Ba mugu ba ne, bakinsa ne haka.

Akwai wani abu da nake jin nauyin faɗa. Akwatin nan, musamman a wancan lokaci, ba ya kama sai abin da ya tsaya cik. Duk abin da ya motsa ɓacewa yake yi. Na taɓa ganin ya ɗauki titin kasuwa ranar da babu masaka tsinke, da na wanke sai ga titi fayau kamar an yi annoba. Ba wanda ya fito sai wani jaki da ke barci a tsaye da wani makaho zaune a gindin bango. Shi ya sa injuna suke fitowa tsaf har ƙusoshinsu, mutane kuwa sai wanda Allah ya nufa. Ni sau ɗaya na ga Shahata, ranar ɗaurin aurenku, kuma abin da na riƙe shi ne bai zauna wuri ɗaya ba har aka shafa fatiha, yana raba wa mutane ruwa a bikinsa. Ba ina karya miki gwiwa ba ne, so nake ki sa rai da rabin zuciya.

Batun wake kuwa, ke ce kika ce in tsaya mu ga kwale-kwalen, ni kuma na sha dukan. Ki shafa mini kan Bahiyya.

Ɗan kawunki, Mitwalli

*

Dimyat, ƙarshen Rajab

Zuwa ga Mitwalli.

Gaisuwa da fatan tarin ya yi sauƙi. Ka riƙa shan zuma da habbatussauda, ka rage surutu. Na aike ka neman mijina ka aiko mini da labarin jaki da makaho. Shehu Hifni ya karanta har muryarsa ta dushe, mutanen da ke layi a bayana suka fara tsaki.

Shahata ya tsaya. Na sake tambayar Bayyumi, ya ce duk sun tsaya kamar sahun salla, don Bagiriken ya ce wanda ya motsa zai gaya wa shugaban aiki. Mijina ba ya zama, gaskiya ne, amma yana tsoron a kore shi. Rabin zuciyar da ka ce in sa rai da ita, ɗaya rabin in kai shi ina?

Idon yana nan yana ja da baya. Yanzu ba na iya zura zare a allura, Bahiyya ce ke zura mini. In mutum ya shigo daga ƙofa ina ganin tsayinsa da launin rigarsa, fuska sai ya zo dab da ni.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, Shehu Hifni kuma ya rantse mini da Alƙur'ani bakinsa alaikum. Na manta fuskar Shahata. Muryarsa tana nan, in na so yanzu zan ji shi yana kirana daga bakin ƙofa. Warin man inji da ke rigarsa yana nan. Tafiyarsa, yadda yake jefa ƙafa kamar ana binsa, tana nan. Fuskar ce ta tafi, ban san ranar da ta tafi ba. Shekara biyu kawai muka yi tare, rabinsu yana can bakin mashigi. Uwarsa ta rasu, ba shi da ɗan'uwa. Tsofaffin unguwa suna cewa Bahiyya ubanta ta ɗauko, ni kuwa in na dube ta ba na ganin kowa sai Bahiyya.

Kwanan baya muna tsince shinkafa ta ce, "Umma, Abbana fari ne ko baƙi?"

Na ce, "Tsaka-tsaki."

Ta ce, "Hancinsa fa?"

Na ce, "Hanci dai irin na mutane. Ke tsince shinkafarki, kin bar tsakuwa."

Sai na tashi na shiga ɗaki kamar na manta wani abu. Kunya ce ta kama ni, Mitwalli, kunyar 'yar da na haifa. Kada ka ce za ka kwatanta mini shi da baki, Bayyumi ya gwada, abin da ya iya cewa kawai mutumin kirki ne. Ba magana nake so ba, gani nake so.

Ka yi sauri.

Zannuba

*

Bur Sa'id, Sha'aban

Ummu Bahiyya, gaisuwa a gurguje. Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. An ce cutar amai da gudawa ta ɓulla a Dimyat, za a sa sojoji su zagaye garin, wannan ne jirgi na ƙarshe da zai tashi, mai jirgin yana tsaye a kaina ina rubutu. Ku riƙa tafasa ruwa.

Na gano wane gilashi ne, Hawaja ya tuna shi. An riga an wanke shi tun kafin takardarki ta farko ta zo. Ba ya shago yanzu, amma na san inda aka kai shi, zan bi sawu in karɓo in aiko miki. Ki kula da idonki.

Mitwalli

*

Dimyat, Ramadan

Zuwa ga ɗan kawuna Mitwalli, wanda na yafe wa wake da duk abin da ya biyo baya.

Gaisuwa da barka da shan ruwa. Ni da Bahiyya muna raye, wannan a kwanakin nan ba ƙaramin labari ba ne. Sojoji sun zagaye gari, ba shiga ba fita. A lungunmu kaɗai an fitar da gawa daga gidaje da yawa, har masu wanka sun gaji. Bayyumi ya rasu, da safe ya kwanta, kafin la'asar an kai shi. Komarsa tana nan rataye a wurina ban gama ɗinkewa ba. An ce takardu ma sai an huda su an turara da ƙibiritu kafin su fita, don haka ban san yaushe wannan za ta same ka ba.

Amma duk da haka ni ce mai farin ciki a garin nan, Allah ya yafe mini. Da Shehu Hifni ya karanta "an riga an wanke shi" sai na ce ya tsaya ya maimaita. Ya ce ai ɗan kawunki ya yi bayani a takardarsa ta baya, wankewa a wurin masu hoto shi ne fito da mutum a kan takarda. Ke nan Shahata ya fito. Ya tsaya, kamar yadda na gaya maka, kai da jakinka. Na yi kuka a ƙofar kotu har wata mata ta zo tana yi mini ta'aziyya.

Na sa Bahiyya ta shafe bangon da ke fuskantar ƙofa da farar ƙasa, mun kafa ƙusa. Maƙwabta duk sun sani, kowa na cewa in ya zo a kira shi.

Ka ce in kula da idona, na kula. Na yi tunani na ga hasken da ya rage mini kaɗan ne, kullum kuma ina ɓarnatar da shi a kan koma da tukunya da bango. Sai na samu baƙin ƙyalle na ɗaure idon, dare da rana, ba na buɗewa sai in zan wanke shi, shi ma a rufe nake wankewa. Ajiye shi nake yi sai ranar da hoton ya zo. Aikin gida da hannu nake yi, na ma saba.

Bahiyya ba ta so. Jiya ta ce, "Umma, ki ɗan ɗaga ƙyallen nan ki ga kitson da maƙwabciya ta yi mini."

Na ce, "Fitilar da manta ya kusa ƙarewa ba a kunna ta da rana."

Ta ce, "Kallo ɗaya fa."

Na ce, "Kallo ɗayan nake tattali. Ke kina nan kullum, ina za ki? In ubanki ya zo sai in gan ku tare."

Ta yi fushi ta ƙi cin sahur, amma za ta huce. Da zarar an buɗe hanya ka ba mai jirgin farko hoton. Ka naɗe shi da kyau kada ruwa ya taɓa.

'Yar gwaggonka, Zannuba

*

Dimyat, Shawwal

Mitwalli, gaisuwa da barka da salla, in kana raye. An ce cutar ta iso wajenku. Mu ta lafa, sojoji sun fara janyewa, jirage sun fara shigowa. Duk wanda ya shigo ina aika Bahiyya bakin ruwa, tana dawowa hannu biyu.

Ƙyallen yana nan a ɗaure. Ranar salla na ɗaga shi kaɗan don in gwada, na ga tsakar gida kamar ta cikin ruwan wankin shinkafa, sai na yi maza na mayar. Akwai saura, amma ba yawa. In ka tsaya kallon kwale-kwale ne, Allah ya isa. In kuma rashin lafiya ce, ka sa matarka ta aiko, ta san sunan unguwarmu.

Zannuba

*

Bur Sa'id, Zulƙida

Zuwa ga 'yar gwaggona Zannuba.

Muna raye. Cutar ta shigo mana, ta ɗauki ƙaramin ɗana Sirur, sauran Allah ya bar mana. Ba wannan na zauna rubutawa ba. Takardunki biyu jiya suka iso tare, a huje, suna warin ƙibiritu.

Kafin komai, ki cire ƙyallen nan. Shehu Hifni, don girman Allah ka dakata a nan sai ta cire. Ido ba fitila ba ne, rufe shi ba ya ajiye komai, cutar tana cin sa ko a buɗe ko a rufe. Ki dubi 'yarki, ki dubi kogi, ki dubi duk abin da ya saura.

Kalma ɗaya ce muke amfani da ita a shago don abu biyu, ni kuma na rubuta a gurguje ban bambanta ba. Akwai wankewa ta fito da hoto a takarda. Akwai kuma wankewa ta kankare gilashi da ruwan magani har hoton da ke kansa ya fita, ya koma gilashi kawai. Ta biyun nake nufi. Yanzu ana kawo wa Hawaja sabbin gilasai shiryayyu daga ƙasarsu, tsofaffin da ba a saye kuma sun cika masa ɗaki, sai ya sa aka kankare su aka ba mai sa gilashin taga. Na Shahata yana cikinsu. Ba a taɓa ajiye ko takarda ɗaya daga gare shi ba, don karrakar tsohuwar yayi ce, fasinjoji sun daina so.

Na bi mai gilashin, ya aika ni gida-gida. Wani lokaci in ba a kankare da kyau ba, inuwar hoto takan maƙale a jikin gilashi, ana ganinta in rana ta bugo ta gefe. Haka na yi ta leƙen tagogin mutane da yamma har aka fara yi mini kallon ɓarawo. A wani gidan gahawa na unguwarmu na same shi, a tagar da ke kan murhu.

Mai gidan ya ce, "Malam, gahawa za ka sha ko tagata za ka aura?"

Na ce, "Akwai mutum a cikinta."

Ya ce, "To ya fito ya biya haya, tun bazara yake nan."

Da na ba shi labari ya daina dariya, ya ɗauko wuƙa da kansa ya ɓanɓaro mini shi, ya toshe wurin da tsumma.

Zan gaya miki abin da ke ciki, don na yi miki ɓarna da gajeriyar magana, ba zan ƙara da ƙarya ba. Karrakar tana nan, dishi-dishi amma ana gane ta, sarƙa da bokitai da babbar ƙafar. Mutanen da ke jere, wankin ya cinye yawancinsu. Na ƙarshen layi ya tsira. Ƙafafunsa sun fito, rigarsa ta fito, hannunsa da butar mai sun fito sosai. Daga wuya zuwa sama babu komai sai ɗan hayaƙi. Ba wankin ne ya yi wannan ba, na san aikina. Ya tsaya kamar yadda Bayyumi ya ce, amma ya juya kansa, wataƙila wani ya kira shi, wataƙila inji ya yi wani ƙara. Ko da na same shi tun ranar farko, abin da za ki gani ke nan.

Na naɗe shi da ciyawa da bargo na ba mai jirgin tafki. Ban san ko aiko shi alheri ne ko mugunta ba, amma naki ne. Ki yafe mini in za ki iya.

Mitwalli

*

Dimyat, Muharram, 1301

Zuwa ga ɗan kawuna Mitwalli.

Gaisuwa, da ta'aziyyar Sirur. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba uwarsa haƙuri. Ka ce ba shi ka zauna rubutawa ba, ni kuwa shi na fara yi wa kuka. Mu muna nan. Bahiyya lafiya, ita ce ta riƙo hannuna zuwa nan, na aike ta sayen gishiri don kada ta ji abin da zan faɗa.

Shehu Hifni ya dakata inda ka ce ya dakata. Na cire ƙyallen a nan ƙofar kotu, na ce masa ya ci gaba, ai na cire. Ya ce to buɗe idon mana. Na ce a buɗe yake. Sai na ce ya ƙarasa karatun. Ina gane rana daga dare in na fuskanci sama, iyakarta ke nan. Ban san ranar da ya ƙare ba, ina can ina gadinsa.

Babu abin da zan yafe maka. Kai ka rubuta kalma, Shehu ya karanta, ni na ɗaura ƙyalle da hannuna. Yanzu dai in Hawajanka ya zo da akwatinsa zan fito tsaf, don na zama irin mutumin nan naka na gindin bango.

Gilashin ya iso bai fashe ba. Na shafa shi gaba da baya, santsi ne kawai, da ɗan maiƙon murhu a gefe. Bahiyya ba ta nan ranar da aka karanta takardarka, ban kuma gaya mata abin da ka ce ba. Da yamma na ce ta fita da shi tsakar gida ta karkata shi wajen rana ta gaya mini abin da ta gani. Ta ɗaga shi wajen rana.

Ta ce, "Ga injin nan, Umma, ƙato ne. Ga hannu riƙe da buta."

Na ce, "Sama fa?"

Ina jin numfashinta a kan gilashin. Can ta ce, "Ga fuska nan. Idanunsa manya ne. Girarsa a haɗe take. Yana da wushirya."

Na ce, "Shi ne."

Da farko na zaci tausayina ta ji ta shirya mini ƙarya. Sai da na jawo ta na shafa fuskarta na ji girar nan a haɗe, na tuna wushiryar da take fito da ita in tana dariya. Gilashi ne, rana ta bugo, kanta take gani a inda kansa ya kamata ya kasance. Ban san ko ta gane ba, ban kuma tambaya ba. Na taɓa gashinta, kitson da ta roƙe ni in kalla tun Ramadan ya daɗe da tsufa an tsefe, wani ne daban a kanta. Wata uku yarinyar nan tana gabana tana cewa in dube ta.

Ƙusar tana nan a bango, ba mu rataya komai ba. Gilashin na sa an kafa shi a tagar ɗakinmu, dama ɗaya ya fashe, sanyi kuma yana tafe. Maƙwabta sun daina tambaya.

Na taɓa ce maka kada ka kwatanta mini shi da baki. Na janye. Bayyumi ya tafi, tsofaffin unguwa cutar ta kwashe su, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka gan shi, ko da sau ɗaya ne yana raba ruwa. Ka zauna ka tuna da kyau, kada ka yi gaggawa, yanzu babu abin da nake sauri a kai. Shahata yana da wushirya? In kai ma ba ka tuna ba, ka rubuto cewa yana da ita. Shehu Hifni zai karanta a gaban Bahiyya, ni kuma zan ce haka ne.

Ban aiko da kifi ba wannan karon, masunta sun daina kawo mini koma. Ka gaida mutanen gida.

'Yar gwaggonka, Zannuba